Inci Ɗaya da Rabi a Keken Arne

Wendell Rautio ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a unguwannin tudu na garin Duluth a Amurka, a ƙafa, da jaka a kafaɗar hagu. Wanda ya san garin nan ya san babu titin da ke kwance a cikinsa. Ko dai kana hawa ko kana gangara, babban tafkin garin kuma yana can ƙasa yana hura maka sanyi a ƙeya. Karnuka uku suka cije shi a tsawon aikin, ya zame kan ƙanƙara sau ba adadi, amma bai taɓa kwana a asibiti ba. Ranar da ya ajiye aiki aka yi masa ɗan biki a ɗakin ƙasa na coci, aka ci gasasshen dankali da nama, aka ba shi agogon bango. Da aka ce ya yi jawabi, ya miƙe ya ce ya gode, ya koma ya zauna. Matarsa Darlene ta ce rabon da ta ji ya yi doguwar magana haka tun ranar aurensu.

Keke ba ya cikin lissafinsa ko kaɗan. Keke harkar yayansa ce, Arne, wanda ya ba shi shekara huɗu. Arne makanikin jiragen ruwa ne masu dakon tama, bai taɓa aure ba, kuma in dai ba dusar ƙanƙara ce ta rufe hanya ba, to yana kan keke. A idon Wendell, Arne dogo ne. Shi ya fara shiga tafki, shi ya fara tuƙa mota, shi ke miƙa hannu ya ɗauko abin da mahaifiyarsu ta ɓoye a saman kabad. Wendell ya tashi cikin kayan da Arne ya gama da su, kuma abin bai tsaya a ƙuruciya ba. Har suka yi furfura, in Arne ya gaji da wando sai ya ƙunso shi a leda ya ajiye wa Darlene a bakin ƙofa, Wendell kuwa ya sa abinsa ya tafi coci.

Wata Lahadi ta watan Oktoba Arne ya dawo daga hawan ƙarshe na shekara. Ya sauka da keken zuwa ɗakin ƙasa, ya maƙale shi a jikin ƙarfen nan da masu keke ke rataye shi in za su wanke sarƙa, sannan ya hau sama ya dafa kofi. A nan kicin zuciyarsa ta tsaya. Wendell ne ya same shi washegari da safe.

Bayan an binne shi, Wendell ya sauka ɗakin ƙasa shi kaɗai. Ga keken nan a rataye, shuɗi, tsumma a kansa, kwalbar mai a buɗe a gefe. Ya rufe kwalbar, ya ninke tsumman, ya kwance keken ya tura shi gida. Bai yi kuka ba, a wurin jana'iza ma bai yi ba. Abin da ya yi shi ne alkawari tsakaninsa da kansa: zai hau keken nan, kuma ba zai canza komai a jikinsa ba, ko da ƙusa ɗaya. Yadda Arne ya bar shi, haka zai zauna.

Da bazara ta shigo ya fara koyo, yana ɗan shekara sittin da uku. Sirdin ya yi masa bisa. In feda ta kai ƙasa sai da kan yatsa yake taɓo ta, jikinsa ya karkata dama, ya dawo ya karkata hagu. Bai yi mamaki ba, ai keken dogon mutum ne. A jikin ƙarfen da ke riƙe da sirdin akwai wani baƙin salatif da aka naɗa, sama kaɗan da bakin bututun da ƙarfen ke shiga. Wendell ya ɗauka ƙarzuwa Arne ya rufe da shi. Da bakin salatif ɗin ya fara ɗagowa ma, shi ya riƙa danne shi da babban yatsa kullum kafin ya hau.

Arne yana da abokan hawa, tsofaffi bakwai zuwa takwas, da ke haɗuwa ranar Asabar da safe a gaban gidan burodi. Daga nan su bi gefen tafki, su sha kofi a wani wuri, su dawo. Bayan rasuwarsa suka ware Asabar ɗin ƙarshe ta Satumba, suna zuwa har garin Two Harbors su dawo don tunawa da shi, mil hamsin da ɗoriya. Babbansu Gordy Nygaard, tsohon malamin lissafi, mai farin gashin baki. Ranar da Wendell ya fara zuwa, Gordy ya dubi sirdin, ya dubi Wendell, ya sake duban sirdin.

"Haka kake son sa?" in ji Gordy.

"Haka Arne ya bar shi."

Gordy ya ce, "To."

Shi ke nan maganar, shekara shida. Kada kuma wani ya ce Gordy mugu ne. Mu mutanen nan haka muke, Allah ya shirye mu. Maƙwabcinka zai tashi da asuba ya kwashe maka dusar ƙanƙara daga ƙofar gida ya gudu kafin ka leƙo ka gode masa, amma in ya ga rigarka a birkice sai ya yi ta yi maka hirar yanayi har ku rabu. Balle kuma abin ya shafi mamaci.

A shekara ta uku kwankwaso ya fara magana. Gefen dama ne, can a katara, kamar ana murza ƙusa. Da farko sai bayan hawa yake jin sa. Daga baya ya bi shi kan kujerar coci, ya bi shi gado. Wendell ya yi tunani irin na mai raba wasiƙu, wanda a wurinsa duk wata cuta daga takalmi take farawa. Ya je kantin magani ya sayo shimfiɗar takalmi mai taushi. Ba ta yi ba. Ya sayo mai tauri. Ya sayo ta roba mai ruwa-ruwa a ciki, ya sayo ta gashin tumaki, ya aika aka kawo masa wata da ya gani a talabijin wadda aka ce akwai maganaɗisu a cikinta. Wani lokaci ya haɗa biyu a takalmi ɗaya har ƙafa ta daina shiga. Darlene ta kwashe tawul daga aljihun kabad na banɗaki ta ba shi wurin, ta ce tunda ya buɗe kanti ai ya kamata ya sami rumfa.

Ya gwada sauna, ɗakin nan mai zafi da ake shiga a yi gumi, a gidan wani ɗan uwansu, ya zauna har ya yi ja kamar tumatir. Ya gwada man zafi, har jikokinsa suka daina zama kusa da shi a mota. Duk Asabar kuma yana kan keke, yana cije baki, yana karkata dama da hagu a bayan ayari. Daga mil na biyar babu abin da ke cikin kansa sai kwankwaso. Ba ya ganin tafki, ba ya jin hirar kowa, lissafinsa kawai saura nawa a kai wurin kofi. In an tambaye shi ya jiki, sai ya ce ba laifi.

A shekara ta shida abin ya kai ba ya iya sunkuyawa ya sa safa. Darlene ce ke durƙusawa ta sa masa. Wata safiya tana cikin yi ta ɗago kai ta ce ita fa ta yi alkawarin zama da shi a lafiya da rashinta, amma ba ta tuna inda fasto ya ambaci keke ba. A ranar ta kai shi wurin likita.

Likita ya ɗauki hoto, ya ce ƙashin lafiya lau, jijiyoyin ne suka kumbura saboda wahalar da ake ba su. Ya tambaye shi me yake yi haka. Da ya ji, ya ce zaɓi biyu ne: ko a kai keken wurin masu auna keke da jikin mutum a daidaita shi, ko a jingine shi har abada. Saura mako shida a yi hawan Satumba. Wendell ya ce zai yi tunani. Darlene ta ce ya yi tunanin a mota, don ta riga ta kira masu auna keken, an ba su ranar Alhamis.

Mai aikin wata mata ce, Kirsten Aho, 'yar shekara arba'in da wani abu, shagonta a wani tsohon sito kusa da tashar jiragen ruwa. Madubi ne bango guda, ga na'urar ɗaukar hoto a kan ƙafa uku. Wendell ya shigo da keke a hannu ɗaya, jakar shimfiɗun takalminsa a ɗayan. Ta zazzage su a kan tebur, ta jujjuya biyu uku, ta ɗaga mai maganaɗisun ta tambaye shi ko tana kama cokali. Ya ce bai gwada ba.

Ta sa shi ya tuɓe takalmi ya yi tafiya zuwa bango ya dawo, sau huɗu. Ta ce kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, tafin ƙafarsa na hagu kuma ya baje. Ta tambaya ko ya daɗe yana ɗaukar kaya a gefe ɗaya. Ya ce ɗan lokaci dai. Darlene daga kan benci ta ce shekara talatin da ɗaya. Kirsten ta ɗauko sabuwar shimfiɗa, ta gasa ta a wani ɗan murhun lantarki har ta yi laushi, ta sa shi ya taka ya tsaya cik sai da ta ɗauki siffar ƙafarsa. Ta ƙara wani siririn yanki a ƙarƙashin ta hagu. Duk wannan bai yi gardama ba, takalmi ai nasa ne. Har ya fara sakin jiki, yana ganin dama abin da ya faɗa ke nan tun farko, matsalar ta takalmi ce.

Sai ta kafa keken a kan wani abu da ke riƙe tayar baya, ta manna masa fararen ɗigo a idon sawu da gwiwa da katara, ta ce ya hau ya taka. Ya taka na minti biyar. Ta juyo masa da allon ta nuna masa kansa daga baya. Bai taɓa ganin kansa daga baya ba, kuma bai ji daɗin haɗuwar ba. Wani tsoho ne a kan keke yana rangaji kamar agwagwa. Darlene ta taso ta leƙa, ta ce shekara shida ke nan mutanen gari na kallon wannan kyauta.

Kirsten ta auna tsawon ƙafarsa, ta duba hoton, ta rubuta wata lamba a takarda. Ta ce shimfiɗar za ta taimaka, amma ba ita ce uwar matsalar ba. Sirdin ne. Duk takawa ɗaya sai ya miƙa ƙafa ya nemo feda, kwankwaso kuma shi ke biyan wahalar. Sai an sauke shi da inci ɗaya da rabi.

Wendell ya sauko daga keken a hankali. Ya ce a'a.

Ta ɗauka bai gane ba, ta sake bayani. Ya bari ta gama, ya ce ya gane sarai, amma ba za a taɓa sirdin ba. Ta ce to ba zai kai Satumba a kan keke ba, wannan kam ta tabbata. Ya ce ya ji. Ya fara ɓamɓare fararen ɗigon daga gwiwarsa yana tara su a tafin hannu. Tsoro ne ya kama shi, sosai kuwa. Ya ga ko ta wace hanya ya bi rasa Arne zai sake yi, ko ya jingine keken ko ya mai da shi nasa.

Darlene ce ta ce, "Wendell, gaya mata mana."

Ya faɗa, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Keken yayansa ne, ya rasu, yadda ya bar shi haka yake.

Kirsten ta durƙusa a bayan keken ta daɗe tana kallon baƙin salatif ɗin nan.

"Mista Rautio, a ina ka sami keken ranar da ka ɗauke shi?"

"A ɗakinsa na ƙasa."

"A jingine?"

"A rataye. Yana wanke sarƙa."

"Ta ina ƙarfen ya kama shi?"

Wendell ya nuna. Daidai ƙarƙashin salatif ɗin.

Ta miƙe ta share hannu a wando. Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwa. Duk mai keken da ya san abin da yake yi, in ya sami tsayin sirdin da ya dace da shi, sai ya naɗa salatif daidai bakin bututu, don ko an motsa ya san inda zai mayar. In kuma zai rataye keken ya yi aiki, sau da yawa ƙarfen da ke waje ba ya isa a kama, sai ya zaro shi sama kaɗan ya ɗaure, in ya gama ya mayar da shi kan salatif. Arne ya zaro sirdin ne don ya wanke sarƙa. Bai dawo ya mayar ba.

"Yayanka bai taɓa hawan keken nan a haka ba," in ji ta. "Ko mil ɗaya."

 Darlene ta buɗe baki, sannan, abin da ba ta saba ba, ta rufe.

Kirsten ta ɗauko ɗan sifana ta miƙa masa. Ta ce ita ba za ta taɓa ba. Wendell ya riƙe shi ya daɗe a tsaye. Sannan ya sassauta ƙusar, ya dafa sirdin da tafin hannu, ya danna. Ƙarfen ya shige a hankali har salatif ya zauna a bakin bututu. Ya ɗaure. Kirsten ta sa ma'auni daga tsakiyar feda zuwa saman sirdi, ta duba, ta juyo masa da takardar da ta rubuta tun ɗazu. Lamba ɗaya ce.

"Ba zai yiwu ba," in ji Wendell. "Arne ya fi ni tsawo."

Kirsten ta ce, "Wataƙila a wuya ne. Ƙafarku dai ɗaya ce."

Darlene ta ce ita da an tambaye ta da ta faɗa, shekara arba'in yana sa wandunan mutumin ba ta taɓa rage ko ɗaya ba.

Kirsten ta hana shi hawa na mako biyu, ta ba shi motsa jiki a takarda, wanda ya yi a kan dardumar falo Darlene na ƙirga masa. Daga nan ya fara da mil biyar, ya koma goma. Cikin wata guda ya sa safarsa da kansa. Tawul suka koma aljihunsu.

Asabar ɗin ƙarshe ta Satumba ya isa gaban gidan burodi da wuri. Gordy na nan yana hura taya. Ya dubi sirdin, ya ce ya ga an mayar da shi kan salatif. Wendell ya tambaye shi ko dama ya sani. Gordy ya ce ai kowa ya sani, har sun taɓa tattauna maganar a wurin kofi ranar da Wendell bai zo ba, wajen shekara huɗu da suka wuce.

"Me ya hana ku gaya mini?"

"Mun ɗauka kana da dalilinka."

Wendell ya ce to. Gordy ya ce da alama za a yi iska daga gabas.

Suka kama hanya su takwas. Mil biyar ya wuce, Wendell yana jiran ƙusar nan ta fara murzawa, ba ta zo ba. Mil goma, shiru. Ƙafarsa na zagayawa sumul, sirdi na zaune a ƙarƙashinsa ba gardama. Ya ɗaga kai. Ashe ganyayen itatuwa sun yi ja da rawaya tun daga bakin hanya har kan tudu. Ashe daga nan ana hango jiragen tama suna fita. Wani jirgi yana can nesa, dogo, baƙi, irin waɗanda Arne ya yi rayuwarsa a cikin cikinsu. Hannun Wendell yana inda hannun Arne yake zama, gwiwarsa na lanƙwasa daidai yadda ta Arne ke yi, kuma abin da yake gani shi Arne ke gani duk Asabar. Shekara shida yana bin hanyar nan, wahalar sirdi da ciwo ba su bar masa wurin tuna yayansa ba ko sau ɗaya. Yau babu ciwon, kewar ta zo masa gaba ɗaya.

Kafin su kai ƙauyen Knife River ya ja birki ya sauka a gefen hanya. Ya tsaya riƙe da keken, hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau. Sauran suka wuce, kowa ya mai da ido kan tayarsa ta gaba. Gordy ne ya juyo ya dawo, ya tsaya ɗan nesa da shi.

"Kwankwason ne?"

"A'a," in ji Wendell. "Kwankwaso lafiya lau."

Gordy ya ce to. Ya sauka, ya jingine kekensa a jikin wata bishiya, ya juya ya fuskanci tafki, ya jira.